Fentin Ruwa Ko Fentin Hoda: Abin Da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Sabunta Wilin Mota

Idan salla ta matso, ko mutum ya ƙudiri niyyar sayar da motarsa, ƙafafunta na cikin wuraren da ido ke fara sauka. Jikin mota yana iya ɗaukar ido, amma in wili ya yi dabbare-dabbare, bakinsa duk ƙujewa, launinsa ya koɗe, sai ta zama kamar wanda ya sha babbar riga da tsinkakken takalmi. Shi ya sa da yawanmu kan garzaya wurin mai fenti, kuma abin da ake yi a can mun saba ganinsa. A ajiye motar a gindin darbejiya, ko taya ba a kwance ba. Yaron shago ya ɗan goga samfefa, ya yayyanka kwali ya sossoka tsakanin taya da bakin wili, ya liƙa tsohuwar jarida. Maigidansa ya tada kwamfuresa ya fesa ruwan azurfa. Kafin la'asar an gama, wili sai walƙiya yake, notuna sun samu rabonsu, har faifan birkin da ke leƙowa ta baya bai tsira ba. Bayan wata uku fenti ya fara ɗagowa kamar ɓawon albasa, mai mota ya ce an cuce shi. Sau da yawa kuwa ba cuta ba ce. Mai fentin ya yi iya abin da ya gani ana yi ne, mai motar kuma bai san abin da zai nema ba.

A 'yan shekarun nan an fara jin sunan wata hanya daban, wadda masu shaguna a manyan birane ke kira fauda-kotin. A nan za mu kira ta fentin hoda, domin da busasshiyar hoda ake yin ta. Wanda muka saba da shi kuwa, na gwangwani da ake tsinkawa da tina, za mu ce masa fentin ruwa, ko da yake ba ruwansa da fentin bangon da ake damawa da ruwan famfo. Masu mota suna ta tambayar wanne ya fi. Amsar tana rataye da abu uku: irin wilin, halin da yake ciki, da hannun da zai yi aikin.

Wili, wanda wasu ke ce wa rim, shi ne ƙarfen da taya ke zaune a kansa, shi ne kuma ake ɗaure wa mota da noti huɗu ko biyar ko shida. Iri biyu suka fi yawa a titunanmu. Akwai na baƙin ƙarfe, da aka fi gani a motocin haya da a-kori-kura, wani lokaci an rufe shi da marfin roba. Akwai kuma na alminiyum, mai yatsu da zane iri-iri, wanda 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa da Panteka ke kira aloi. Mai shakka ya samo maganaɗisu ya kara: zai manne wa na ƙarfe, ba zai kama na alminiyum ba. Wannan ɗan gwaji shi ne mafarin komai, domin biyun ba sa jure zafi daidai da juna, kuma batun zafi zai dawo mana nan gaba.

Fentin da ke kan wili ba don ado kaɗai aka sa shi ba. Baƙin ƙarfe in ya tsiraita tsatsa yake yi. Alminiyum ba ya jan tsatsa, amma shi ma yana ciwo, sai dai nasa fari ne, kamar an barbaɗa gari. Yawancin motocinmu na hannu ne, sun yi shekaru a Amurka ko Kanada ko arewacin Turai, inda ake zuba gishiri a kan titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan yana shiga ta duk inda fenti ya ɗan kwarzane. Duba wilin motar da ta iso daga Kwatano da kyau, za ka iya ganin wasu fararen layuka siri-siri a ƙarƙashin sheƙin, kamar sawun tsutsa. Cin gishiri ke nan. In ya kai ga cikin baki, inda leɓen taya ke manne wa wili, sai iska ta riƙa zurarewa a hankali. Mutum ya yi ta zarya wurin mai faci, a tsoma taya a ruwa a rasa ƙusa, alhali wilin ne ya yi kaushi. A nan gida kuma ga tsakuwa, ga ƙurar birki wadda ɓurɓushin ƙarfe ce mai zafi, ga man birki da ke cin fenti in ya ɗiga, ga rana, ga ƙarafunan da mai faci ke ɓanɓaro taya da su. Ba wani sashe na jikin mota da fentinsa ke shan wuya kamar wili.

Fentin ruwa haɗin abu uku ne: launi, da danƙon da ke riƙe launin, da tina wadda aikinta kawai ta tsinka shi ya fesu, sannan ta bi iska. Aiki mai kyau hawa-hawa ake yin sa. A fara da faraima, wato shafin farko da ke kama ƙarfe, a bi da launi, a rufe da shafi marar launi mai sheƙi, wanda shi ke tare rana da ƙarzuwa. Alminiyum ba ya karɓar fenti cikin sauƙi, don haka yana da faraima nasa na musamman, wanda ke ɗan cin fuskar ƙarfen ya kama ta. Tsallake wannan mataki shi ne babban dalilin ɓawon albasar da muka ambata. Fentin ruwan ma kansa suna ya tara. Na ƙaramin gwangwanin feshi bushewa kawai yake yi, fetur ma yana iya narkar da shi. Wanda aka rubuta 2K a jikin gwangwaninsa kuwa ana haɗa shi da wani ruwa na biyu mai taurarawa, masu fenti na ce masa hadina, kuma da zarar ya kama ya zama wani abu daban da tina ba ta mayar da shi ruwa. Tsakanin waɗannan biyun akwai rata mai faɗi, ta fi wadda ke tsakanin 2K da fentin hoda.

Shi kuwa fentin hoda, hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce mu tuna hunturu. Mun san yadda riga ke ƙas-ƙas in an tuɓe ta da dare, da yadda matajin roba da aka goga a gashi ke ɗaukar 'yan guntayen takarda. Wannan cajin lantarki ne da ke zaune a jikin abu, kuma shi aka mayar sana'a. Hodar garin roba ce mai laushi, an niƙa ta tare da launi da sinadarin taurarawa. Ana rataye wili tsirara, a haɗa shi da waya zuwa ƙasa, sannan a hura hodar ta bakin wata bindigar feshi da ke ɗora mata caji, wanda kan kai volt 100,000 a wasu injuna. Hodar sai ta bi ƙarfen ta lulluɓe shi, har ta zagaya bayan yatsun wilin. A wannan mataki ko da yatsa aka shafa za ta goge. Daga nan sai tanderu, inda ake gasa shi a zafin digiri 180 zuwa 200 na ma'aunin Salsiyas, kusan zafin da ake gasa burodi, na minti 10 zuwa 20 bayan ƙarfen kansa ya ɗauki wannan zafi. Hodar ta narke, ta malale, ta haɗe ta zama fata guda. Da ya huce aiki ya ƙare, ba jiran bushewa.

Fasahar ba sabuwa ba ce. A shekarun 1950 wani Bajamushe mai suna Erwin Gemmer ya fito da hanyar tsoma ƙarfe mai zafi cikin hodar da iska ke motsawa, a farkon shekarun 1960 kuma aka samar da bindigar caji a Turai. Abin da ya ƙara mata kasuwa shi ne dokokin hana gurɓata iska da tururin tina, irin wadda yankin Los Angeles ya kafa a 1966, tunda hoda ba ta buƙatar tina ko kaɗan. Mu ma mun daɗe muna zaune da ita a gidajenmu ba mu san sunanta ba. Jikin firji, da tagogin alminiyum masu launi, da kabad ɗin ƙarfe na ofis, da yawansu ita ce a kansu.

Akwai wani ruɗani da ya kamata mu warware tun yanzu. Mai mota ya je shago ya ce, "Malam, wane irin fenti za ka sa mini?" A ce masa, "Alhaji, ai namu na obin ne." Ya tafi yana murna ya samu fentin hoda. Abin da ake kira fentin obin a garejinmu fentin ruwa ne. Ana fesa shi cikin rufaffen ɗaki mai tace ƙura, sannan a ɗumama ɗakin zuwa wajen digiri 60 ko 70 don ya yi saurin kamawa. Aiki ne mai kyau, ya fi na gindin bishiya nesa ba kusa ba, amma ba shi ne hoda ba. Mota sukutum tana shiga ɗakin obin da tayoyinta da kujerunta. Tanderun hoda kuwa ko bawul ɗin taya aka manta a jikin wili sai ya lalace. Duk wanda ya ce zai yi maka fentin hoda ba tare da an cire taya ba, to wani abu daban yake nufi.

In aka zo kwatanci, hoda ta fi kauri. Ana auna kaurin fenti da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma silin gashin mutum wajen maikiron 70 ne. Shafi ɗaya na hoda yakan kai 60 zuwa 120, abin da fentin ruwa sai an yi hawa biyu ko uku yake cimmawa. Saboda kaurin da kuma gashin da ta sha, ta fi jure tsakuwa da sabulai masu kaifi, kuma tana rufe ko'ina, ciki da baya, inda mai feshin gaggawa ba ya kaiwa. Ba ta zuba, ba ta ɗigo, ƙurar hunturu ba ta samun danshin da za ta maƙale masa. Wanda ya taɓa ganin sabon fenti ya sha ƙura a watan Janairu, ya bushe da kaushi kamar samfefa, ya san darajar wannan.

Sai dai tana da nata rauni. Hoda iri-iri ce, kuma mai tushen ifoksi, duk da ƙarfinta wajen hana tsatsa, ba ta son rana: takan dushe ta yi fari-fari kamar alli. A ƙasashen da rana ke leƙowa jefi-jefi ana iya daɗewa ba a lura ba, amma a Sakkwato ko Damagaram ba za a daɗe ba. Mai tushen foliyesta ita ce ta waje, don haka in za a sa ifoksi to a ƙasa za ta zauna a rufe ta. Na biyu, gyaranta wuya. In wilin fentin ruwa ya gogi bakin kwalbati, mai fenti zai goge wurin, ya haɗa launi, ya fesa, ya saje. Hoda ba a yi mata faci da hoda ya ɓace. Ko dai a ɗiga fentin ruwa a wurin, tabon yana nan ana gani, ko a kankare wilin gaba ɗaya a sake. In kuma aka bar ɓallin, ruwa yana shiga ƙarƙashin fatar ya yi ta ci a ɓoye, sama lafiya lau, sai ranar da ɓangare guda ya ɓantare. Haka nan bodi-filar da ake cike ramuka da ita ba ta jure tanderu, kuma caji ba ya bin ta. Wajen launi ma fentin ruwa ya fi yalwa, domin ana iya haɗa shi ya dace da sauran wili uku in guda ɗaya ne ya lalace. Ita hoda ba a gauraya ta a shago, abin da ke cikin kwali shi za ka samu. Masana'antun da ke ƙera wilin alminiyum da yawa haɗa biyun suke yi, hoda a ƙasa don kariya, launi na ruwa a kai don kyau, sannan shafin ƙarshe.

Akwai kuma batun wutar lantarki, wanda a wurinmu ba ƙaramin batu ba ne. Hodar da ba ta gasu sosai ba tana fitowa da sheƙinta kamar lafiyayya, amma gautsi gare ta, da tsakuwa ta same ta sai ta ɓalle. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar gashi, aka ɗauki lokaci kafin a tada janareto, ko tanderun ba shi da ma'aunin zafi mai gaskiya, mai mota ba shi da yadda zai gane a ranar karɓa.

Yanzu mu dawo kan zafi, domin nan ne maganar ta tashi daga ado ta koma ta rai. Wilin baƙin ƙarfe bai damu da digiri 200 ba. Na alminiyum kuwa ƙarfinsa daga wuta aka samo shi, kuma wuta na iya karɓe shi. Yawancinsu zuba su ake yi da wani haɗi mai suna A356, alminiyum da silikon wajen kashi 7 cikin 100 da ɗan magniziyam. Bayan an zuba, sai a gasa wilin a wajen digiri 540, a tsoma shi a ruwa, sannan a sake ɗumama shi a wajen digiri 155 na wasu sa'o'i. Wannan ɗumin na biyu shi ke ba shi tauri, kuma a ƙididdige yake. In aka zarce, ko a zafi ko a lokaci, taurin yana kaiwa ƙololuwa ya fara komawa baya. To ga shi tanderun hoda ya ɗara wancan ɗumi zafi. Masana'anta tana sa gashin fentinta cikin lissafi tun farko, amma gashi na biyu da na uku a shagon gari ba ya cikin lissafin kowa.

Masana ba su haɗu a kan girman haɗarin ba. A Ingila da Amurka shaguna suna yi wa wilin alminiyum fentin hoda kullum, suna kuma ganin cewa ɗan gajeren gashi a zafin da aka kiyaye ba ya yin illar da za a ji. Jamus kuwa ta ɗauki tsauri. Ƙa'idar da ake bi a can wajen sabunta wilin alminiyum ta ce kada zafi ya wuce digiri 90, kada lokaci ya wuce minti 40, abin da ya fitar da fentin hoda na yau da kullum daga lissafi. Ta kuma hana walda da miƙar da wanda ya lanƙwashe, ba ta yarda a gyara ƙujewar da zurfinta ya wuce milimita 1 ba. Ƙasa ce da ake gudu sosai a manyan titunanta, shi ya sa ba sa wasa da wili. Mu ba mu da irin gudunsu a ƙa'ida, amma muna da ramuka da lodi fiye da kima, waɗanda su ma gwaji ne.

Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne ƙona wili don cire tsohon fenti. Wasu kan bi shi da wutar gas ta masu walda, wasu su jefa shi cikin wuta har fentin ya toye. Maƙeri yana gane zafin baƙin ƙarfe da ido, domin yana yin ja. Alminiyum ba ya nuna komai. Yana nan da launinsa har ya kusa narkewa, alhali tun a digiri 300 taurinsa ya riga ya tafi. Wilin da aka yi wa haka zai fito fes, ya sha sabon fenti, ya hau mota, ba wanda zai ga bambanci sai ranar da ya faɗa rami da gudu. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Wuri na biyu da kwalliya ke taɓa lafiya shi ne wurin ɗauri. Bayan wili yana da fuska mai sulɓi da ke kwanciya a kan hob, wato ƙarfen mota da ake ɗaure wilin a jikinsa, ramukan noti kuma suna da mazauni inda kan noti ke zama. Waɗannan wurare ƙarfe ne ya kamata ya haɗu da ƙarfe. In fenti mai kauri ya shiga tsakani, za a ɗaure noti tamau, amma da birki ya yi zafi fentin zai yi laushi ya matse, ɗaurin ya saki. Noti ya fara motsi, ramin ya fara faɗaɗa, wata rana a ga taya ta wuce mota. Hoda ta fi jawo wannan saboda kaurinta, amma fentin ruwa da aka labta shi ma yana yi. Ƙwararre yana toshe ramukan, ya rufe fuskar baya da tef mai jure zafi kafin ya fesa komai. Ba wani kuɗi abin ke ci ba, sani kawai yake buƙata.

Na uku, fenti yana rufe aibi. Wilin alminiyum da ya sha ramuka yakan tsage, galibi ta bakin ciki inda ba a gani, ko a gindin yatsu. Tsagar tana iya zama siririya kamar gashi. Lokacin da aka kankare wili tsirara shi ne kaɗai damar ganin ta, kuma akwai wani jan ruwa da ake shafawa a goge, a fesa farar hoda, tsagar ta fito ja a fili. In an ga tsaga, wannan wili ya gama aiki. Mun san ana walda shi, mun kuma san dalili, domin wili guda ba araha ba ne. Amma walda tana narkar da wurin, ta kuma kashe taurin kewayensa. Mai sayen wili na hannu ma ya lura: wanda aka yi wa sabon fenti mai kauri a kasuwa ya fi cancantar a juya bayansa a duba, a kan wanda ya zo da tsohon fentinsa da tabbansa a fili.

Kada mu manta da masu yin aikin, waɗanda yawanci matasa ne 'yan koyo. Hadinar fentin 2K tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke haddasa asma mai tsanani, kuma in jiki ya riga ya ƙi shi ko ɗan kaɗan aka shaƙa sai ciwon ya tashi. Hankici ko takunkumin takarda ba sa tare shi. Madarar gwangwanin da ake sha bayan feshi da sunan wanke ƙirji ciki take tafiya, ba ta bi ta huhu ba. Ana buƙatar takunkumi na masu feshi, mafi kyau mai kawo iska daga waje, da wurin da iska ke fita. Fentin hoda ba shi da tururin tina, wannan ci gaba ne na gaske, amma hodar ma ba ta shaƙa ba ce, kuma in ta taru a iska tana iya kama wuta. Haɗarinsa mafi girma yana wajen kankare tsohon fenti. Kafin a sa hoda sai an fesa wa wili wani abu mai kaushi da iska mai ƙarfi, kuma abin da ya fi araha shi ne yashin rafi. Ƙurar yashi tana jawo silikosis, ciwon da ke taurara huhu, ba ya warkewa, yana kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka. Ingila ta hana wannan amfani da yashi tun dokar 1949. Akwai madadinsa da ake sayarwa, kamar garin gilashi, wanda ya ma fi sauƙi a kan alminiyum, domin yashi mai kaifi yana cin fuskarsa.

To me mai mota zai yi? A ganinmu, wilin baƙin ƙarfe da ya yi tsatsa, in akwai shagon hoda na ƙwarai a kusa, hoda ta fi masa, ba wani dogon tunani. Wilin alminiyum da ƙujewa ce kawai a bakinsa, ko guda ɗaya ne ya lalace, fentin ruwa na 2K ya ishe shi, kuma ba a kusanci zafin da zai taɓa ƙarfinsa ba. Wanda yake son sauya launin duka huɗun da hoda, to ya zaɓi shago da idonsa. Ya tambaya da me za a cire tsohon fentin, in an ce da wuta ya ɗauki wilinsa ya tafi. Ya nemi ganin tanderun da ma'aunin zafinsa, ya ji digiri nawa ne kuma minti nawa, domin wanda ya san aikinsa ba ya inda-inda a nan, akwai ma hoda mai gasuwa a zafi ƙasa da na yau da kullum. Ya tambaya ko ana fara ɗumama wilin kafin a fesa, saboda zubabben alminiyum yana da 'yan ƙananan ramuka masu riƙe iska, in ba a kore ta ba sai fenti ya fito da ƙuraje. Ya kuma roƙi a nuna masa wilin da suka yi bara, wanda ya sha damina da hunturu. Na jiya kowa ya iya nunawa.

Inda babu irin wannan shago, kuma a garuruwanmu da yawa babu, ba a yi asarar komai ba. Mai fenti na gari zai iya fitar da aikin da zai yi shekaru, in an ba shi lokaci da kuɗin kayan kirki. A kwance wilin daga mota, a cire taya, a wanke maiƙo da ƙurar birki tas, a goge har cikin baki inda taya ke zama, a sa faraimar da ta dace, a fesa a rufaffen wuri. Mu masu mota muna da namu laifin a nan, domin mu ne ke zuwa ana jibi salla mu ce yau muke so, mu kuma taya rabin kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fentin 2K yakan taɓu bayan 'yan sa'o'i, amma yana ɗaukar kusan mako kafin ya gama taurara, kuma in mai faci ya hau shi da ƙarfe a rana ta biyu aikin ya tashi a banza. In da hali a mayar da taya da injin, a kuma gaya wa mai injin cewa fentin sabo ne.

Bayan an mayar da taya sai an sake balansin, tunda an cire 'yan dalmomin da ke daidaita ta. Motocin da ke da na'urar auna iskar taya a jikin bawul, a tabbata an cire ta da kulawa an mayar. Wajen wanki, ruwa da sabulu mai laushi da soso sun wadatar. Soson ƙarfe, da yashi, da ruwan asid da wasu masu wankin mota ke zubawa don wili ya yi fari nan take, duk suna cinye shafin sama, ko na hoda ne ko na ruwa. A bar wili ya huce kafin a watsa masa ruwa.

Sai ɗaurin noti. Kowace mota tana da adadin ƙarfin da aka ƙayyade mata a littafinta, Toyota Corolla misali niyuton-mita 103 ne, kuma akwai sifana mai awo da ke yin ƙas in an kai. Zura bututu a wil-sifana a hau a yi tsalle yana miƙar da kusoshin hob, yana kuma ɓata mazaunin noti. A ɗaura su a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, kada a bi su a jere. Bayan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 da sabon fenti, kamar daga Kano zuwa Wudil a dawo, a tsaya a sake bin notunan ɗaya bayan ɗaya. In an samu wanda ya saki, a kwance wilin a duba bayansa da ramukan, a kankare duk fentin da ya shiga wurin kafin a mayar.